Maganin Kumburin Ciki da Gurɓataccen Abinci: Kada Mu Bar Jaki Mu Daki Taiki

Ranar Lahadi kasuwar Filinge ke ci. Tun da hantsi mutanen ƙasar Kurfai ke kwararowa cikinta, daga Shikal, daga Tukunus, daga ƙauyukan da ke jere a bakin Dallol Boso, wasu bisa amalanke, wasu bisa jaki, wasu a ƙasa. Manomi ya kawo hatsi da wake, makiyayi ya kawo bisashe da nono da cuku. Wanda ya wuni kasuwa kuwa tilas ya ci abincin kasuwa: furar da aka dama tun safe, shinkafa da miya, tsire, kwaɗon zogale. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, abincin da aka dafa da asuba yakan kai la'asar yana zaune cikin kwano.

Mutum ya koma gida lafiya lau. Can cikin dare sai ciki ya ɗauki ƙugi, ya kumbura tamkar ganga, murɗa ta taso, amai da zawo su biyo baya. Da gari ya waye sai a aiki yaro wurin mai tebur ko mai tallan magani, a ce ya sayo maganin iska. Wani ma ba ya aike, kanwa yake jiƙawa ya sha.

Ƴan uwa masu karatu, tambayar da muke son amsawa yau ita ce: shin daidai ne mutum ya sha maganin kumburin ciki, irin wanda ake saye ba tare da takardar likita ba, alhali gurɓataccen abinci ne ya ɓata masa ciki? Amsar a taƙaice ga ta. Maganin iska tsantsa ba ya cutar da babban mutum, amma ba ya warkar da shi. Haɗarin yana wuri biyu: abin da aka gauraya cikin maganin, da kuma lokacin da ake ɓatawa ana jiran ya yi aiki, ruwan jiki kuwa yana ta tsiyayewa.

Abin da ke faruwa cikin ciki

Ɓacin ciki na abinci iri biyu ne. Iri na farko shi ne wanda ƙwayoyin cuta suka hayayyafa cikin abincin tun yana kwano, suka zuba dafinsu a ciki. Wannan ba ya jinkiri: daga rabin awa zuwa awa 8 amai ya taso. Ƙwayar da likitoci ke kira stafilokok tana zaune a hancin mutum da fatarsa, musamman bisa maruru ko miki a yatsa, daga nan take faɗawa cikin fura ko nono ko nama. Wata kuma shinkafar da ta kwana a waje take so. Dafin waɗannan biyun yana jure wuta, saboda haka ɗumame ba ya kashe shi.

Iri na biyu shi ne wanda ake haɗiye ƙwayoyin da ransu, su yi aikinsu cikin hanji. Akwai wadda ke son manyan tukwanen nama da romo na biki, na suna da na Layya, waɗanda ke daɗewa kafin su huce. Bayan awa 6 zuwa 24 takan kawo murɗa da zawo da iska mai yawa, galibi kuma ta wuce cikin kwana guda. Akwai salmonela, ta naman kaji da ƙwai da nonon da ba a tafasa ba, wadda ke ɗaukar awa 6 har zuwa kwana 6 kafin ta bayyana, tare da masassara. Akwai shigela, mai kawo atuni da jini da majina, wadda hannu mai dauɗa da ƙuda da ruwa maras tsabta ke yaɗawa.

Kowace iri ce, jiki yana ƙoƙarin fitar da ita ta sama da ta ƙasa. A kowace rana kimanin litir 8 zuwa 9 na ruwa ke bi ta hanjin babban mutum, wato abin da ya sha da abin da jiki ya zuba domin narka abinci, kuma hanji mai lafiya yana mayar da kusan dukkansa cikin jini. Idan hanji ya kamu, wannan ruwa waje yake yi, ya tafi da gishirin jiki. Nan ne rai ke shiga haɗari.

Iskar kuwa ga asalinta. Hanjin da ya kamu ba ya iya tsotse abinci yadda ya saba. Abin da ya rage sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune can su ruɓar da shi, kamar yadda ƙullu ke tashi in ya kwana. Mai yunƙurin amai kuma yana haɗiyar iska bai sani ba. Haka nan bayan zawo hanjin wasu yakan yi kwanaki bai iya narka ɗanyen madara ba, sai ta ƙara musu kumburi. Ke nan iska alama ce ta cutar, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta.

Batun ba ƙarami ba ne. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da cutar gurɓataccen abinci kowace shekara, 420,000 su rasu, cikinsu 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin: sama da miliyan 91 masu kamuwa, 137,000 masu rasuwa.

Abin da maganin iska ke yi

Sinadarin da ya fi yawa cikin magungunan kumburin ciki shi ne simetikon, wanda ake rubutawa siméticone bisa kwali. An fi shekara 70 ana aiki da shi. Kowace mace ta san idan tukunyar wake ta yi kumfa tana neman zuba, ɗigon mai kaɗan ke kwantar da ita. To, aikin simetikon ke nan: yana fasa ƙananan kumfa da ke cikin tumbi da hanji, su haɗu su zama iska guda, ta fita da gyatsa ko ta ƙasa. Ba ya shiga jini, yadda ya shiga haka yake fita tare da bayan gida. Shi ya sa illarsa ba ta da yawa. Babban mutum yakan sha miligiram 40 zuwa 125 bayan cin abinci, har sau huɗu a rana, kada ya wuce miligiram 500 a yini.

Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Ba ya karya dafin da ke cikin abinci. Ba ya tsayar da amai, ba ya hana hanji haifar da sabuwar iska, kuma ba ya mayar wa jiki ko cokali guda na ruwan da ya zuba. Ko a kan kumburin ma amfaninsa kaɗan ne. Gwajin da aka yi kan jarirai masu kukan ciki bai nuna ya fi maganin da babu kome cikinsa ba.

Saboda haka babban mutum mai ƙarfi, wanda ba shi da masassara, babu jini cikin bayan gidansa, yana kuma shan ruwa yana zama a cikinsa, in kumburi ya dame shi ya sha simetikon tsantsa, babu laifi. In bai sha ba, bai yi asarar kome ba. Yaro kuwa ba a saya masa maganin ciki a kasuwa, ko wane iri ne.

A karanta kwali kafin a haɗiya

Ga inda karatu ke da rana. Sau da yawa ba a sayar da simetikon shi kaɗai, ana gauraya shi da wani abu, kuma mai tebur bai san bambancin ba. Duk wanda ya iya haɗa baƙi ya juya kwalin, ya nemi wurin da aka jera abubuwan da ke ciki da ƙananan haruffa. Abu huɗu ake nema.

Na farko, lopéramide, wanda aka fi sani da sunan Imodium. Akwai ƙwayar da aka haɗa shi da simetikon wuri guda. Aikinsa shi ne ya rage motsin hanji, zawo ya tsaya. Ga matafiyi babba mai zawon ruwa maras masassara yana iya zama taimako na yini ɗaya. Amma in akwai jini ko majina ko masassara, tsayar da hanji tamkar rufe ƙofa ne ɓarawo yana cikin ɗaki: ƙwayoyin su zauna su ci bangon hanji, ciki ya ƙara kumbura. Ga yara ƙanana kuwa yana iya kashe motsin hanji gaba ɗaya. A shekarar 1990 likitocin garin Multan na ƙasar Pakistan sun ba da labarin jarirai da cikinsu ya kumbura bayan an ɗiga musu wannan magani, wasu suka rasu, har aka janye ɗigon daga kasuwa. OMS ta hana a ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 magungunan tsayar da zawo.

Na biyu, gawayin magani, wanda ake rubutawa charbon, kamar wanda ke cikin Carbosylane. Gawayi yana kama duk maganin da ya tarar cikin ciki ya hana shi aiki, har da na hawan jini, na farfaɗiya da na tazarar haihuwa, shi ya sa ake raba su da aƙalla awa 2. Yana kuma mayar da bayan gida baƙi, ya ɓoye wa likita alamar jini.

Na uku, farin ruwan nan mai kauri na ƙwannafi, mai aluminium da magnésium, irin su Maalox da makamantansa masu shigowa daga Najeriya. Magnésium yana saki ciki, wato yana iya ƙara zawo. Yana kuma kama wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su ciprofloxacine da doxycycline, ya hana su shiga jini. Wanda likita ya rubuta wa ɗayansu ya faɗa masa in yana shan farin ruwan.

Na huɗu, magungunan kwantar da murɗa, irin alvérine da ke tare da simetikon cikin Météospasmyl. Suna sassauta ciwo, amma ciwo shi ne ɗan aiken da ke faɗa wa mutum ya tashi ya tafi likita. In aka rufe masa baki, sai a makara.

Akwai kuma garin Smecta da iyaye mata ke yawan nema. A shekarar 2019 hukumar magunguna ta Faransa ta ce a daina ba yara ƴan ƙasa da shekara 2, saboda ɗan ɓurɓushin darma da ake samu cikin yumɓun da ake yin sa da shi.

Wani abin lura shi ne inda maganin ya fito. A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Ko na ƙwarai ne, in ya wuni bisa faifai cikin ranar Filinge, ko an ɓare shi daga kwalinsa ana sayar da shi ɗai-ɗai, ba a san sunansa ba, ba a san ranar lalacewarsa ba. Tun 1962 aka kafa ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, domin jama'a su sami magani mai asali. A sayi magani a farmasi ko a gidan likita, inda akwai wanda za a tambaya.

Batun kanwa

Tun kafin zuwan kwali da kwalba, kanwa ce maganin kumburin ciki a ƙasar Hausa, kuma a kwarin Dallol Boso ɗin nan namu ake samun ta. Wanda ya sha jiƙon kanwa yakan yi gyatsa mai ƙarfi, ya ce iska ta fita. Gaskiyar magana, yawancin wannan iska kanwar ce ta haife ta, lokacin da ta gamu da ruwan tsamin da ke cikin tumbi. Haka bikarbonat na kanti yake yi.

Ga mai gurɓataccen ciki kanwa tana da aibi uku. Tana kashe tsamin tumbi, alhali wannan tsami shi ne katangar farko da ke ƙone ƙwayoyin cuta kafin su kai hanji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ta yi yawa tana saki ciki. Kuma gishirinta yana da nauyi ga mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mace mai ciki ko mai jego. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kanwa a miya daban, kanwa a matsayin maganin zawo daban.

Haka nan a guji kapsol mai launi biyu da Flagyl da ake saye biyu-biyu a tebur. Yawancin ɓacin ciki na abinci yana wucewa da kansa cikin kwana 1 zuwa 3, kuma shan guntun maganin kashe ƙwayoyin cuta yana koya musu jure shi ne kawai. A guji ibuprofène da diclofénac, domin suna ƙona tumbi, suna kuma lahanta ƙodar wanda ruwan jikinsa ya ragu. In jiki ya yi zafi, parasetamol ya isa kafin a kai ga likita.

Ruwa shi ne magani

A shekarar 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin ƴan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari cikin manyan duro, dangin marasa lafiya suka riƙa ba su da kofi. Mace-mace ta sauka daga kimanin 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4 cikin 100. Sirrin shi ne, ko hanji ya kamu, sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi su.

Wannan shi ne SRO, garin da ake samu cikin ƴar leda a gidajen likita da farmasi. Wanda ake damawa cikin litir 1 yana ƙunshe da gishiri giram 2.6, sukarin gulukos giram 13.5, gishirin potasiyom giram 1.5 da sitirat giram 2.9. A duba ledar a ga yawan ruwan da aka rubuta, a auna shi daidai, ruwan kuma ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa maganin tsabtacewa. Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi rubu'i zuwa rabin babban kofi, wato mililitir 50 zuwa 100, bayan kowane zawo. Daga shekara 2 zuwa 10, mililitir 100 zuwa 200. Babba ya sha iyakar abin da ransa ke so. A riƙa bayarwa da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 da damawa a zubar, a dama sabo.

In babu SRO a gida, kafin a samo shi a zuba shafaffen cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri cikin litir 1 na ruwa mai tsabta. A ɗanɗana: kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Ruwan dafaffiyar shinkafa, kunu mai ruwa-ruwa da romo suna taimakawa. Lemun kwalba da shayi mai kauri kuwa sukarinsu ya yi yawa, suna ƙara zawo, lemun kuma yana ƙara iskar da ake kuka da ita.

Tun 2004 OMS da UNICEF suka ƙara da zinc ga yara: miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Yana gajarta zawon, yana kuma rage dawowarsa cikin watannin da ke biye. Kada a janye wa jariri nono, a ƙara masa ma. Kada a hana maras lafiya abinci. Da zarar amai ya lafa a ba shi kunu, shinkafa ko tuwo mai laushi.

Kumburin da ba na iska ba ne

Ba kowane kumburi ne iska ba, kuma a nan ne maganin tebur ya fi yin ɓarna. Yaron da ya daɗe yana zawo, musamman mai tamowa, cikinsa yakan kumbura domin potasiyom ɗin jikinsa ya ƙare, hanji ya kasa motsi. Maganinsa yana cikin SRO da hannun likita. Masassarar taifod, in ta kai mako na biyu ko na uku ba a yi mata magani ba, tana iya huda hanji: ciki ya kumbura, ya yi tauri kamar allo, ba ya son a taɓa shi. Haka nan hanjin da ya naɗe ko ya maƙale cikin gwaiwa: ciki ya cika, babu iska mai fita, babu bayan gida, amai ya yi kore. Waɗannan aikin tiyata ne, kowace awa tana da daraja.

Akwai kuma gubar maganin ƙwari. Kurfai ƙasar wake ce, kuma wasu na zuba wa wake maganin ƙwari na gona, ko su jefa ƙwayar hayaƙi cikin buhu a ɗakin da ake kwana. In mutanen gida suka ci abinci, nan da nan suka kama amai da dalalar miyau da zufa, numfashi ya yi nauyi, baƙin ido ya tsuke, kada a tsaya ba su madara ko mai ko kanwa. A ɗauke su zuwa likita, a tafi da ragowar abincin da kwalin maganin. Buhu mai ruɓi uku na PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, yana adana wake ba tare da magani ba.

Ga alamun da in an ga ko ɗaya, tafiya ta kama:

1. Jini ko majina cikin bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin.
2. Masassara mai zafi tare da zawo.
3. Amai ba tsayawa, ko ruwa ba ya zama.
4. Idanu sun faɗa, baki ya bushe, maɗigar jariri ta loɓa, fatar ciki in an tsunkule ta ba ta komawa da sauri.
5. Fitsari ya ɗauke ko ya yi kaɗan ƙwarai.
6. Yaro ya ƙi nono, ya yi laushi, ko yana barcin da ke da wuyar tashi.
7. Ciki ya yi tauri, ko ciwo ya tsaya wuri guda yana ƙaruwa.
8. Zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, mai zuba da yawa.
9. Zawo ya wuce kwana 3 babu sauƙi.

Alama ta takwas ta kwalara ce, wadda ke iya zubar da litir guda cikin awa ɗaya, ta kashe ƙaƙƙarfan mutum tsakanin safe da dare. Ba baƙuwa ba ce gare mu. A 2012 ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, yawancinsu a jihar Tilaberi. A 2021 ta sake kama fiye da 5,000, fiye da 150 suka rasu.

Jariri, tsoho, mace mai ciki da mai ciwon sukari ba a jira musu alama ta yi yawa. Daga Filinge zuwa Yamai kimanin kilomita 180 ne, daga ƙauye zuwa asibitin gundumar Filinge kuma wani lokaci tafiyar wuni ce bisa amalanke, ga shi a shekarun nan rashin tsaro ya sa tafiyar dare ta yi wuya. Wanda ya ga alama da hantsi ya ce bari mu ga aikin maganin iska zuwa la'asar, yana iya rasa yini da dare gaba ɗaya. A tashi da wuri zuwa CSI mafi kusa, a riƙe gorar SRO ana ba maras lafiya bisa hanya. Tun 2006 dokar ƙasa ta tanadi a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. In an isa, a faɗa wa majo gaskiyar abin da aka riga aka sha, a nuna masa kwalin.

Aikin da ke gabanmu

Rigakafi ya fi magani, kuma ƙa'idodinsa ba su da tsada. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida da kafin a taɓa abinci. A raba wuƙa da faifan ɗanyen nama da na dafaffen abinci. A dafa nama da kaji har ciki, a tafasa nono kafin a sa shi ya yi tsami. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, saboda haka dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye. Wanda ba shi da firigo ya dafa daidai ci, ko ya bar tukunya bisa garwashi. Da damina, sa'ad da ake shan ruwan tabki, a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtacewa. A kai jarirai rigakafi, domin tun 2014 aka shigar da ɗigon rotabirus, mai kare su daga zawo mai tsanani, cikin rigakafin yara na ƙasa.

Ga hukumomin gari da ma'aikatan tsabta: a riƙa zagaya rumfunan masu abinci da mahauta ranar kasuwa, a tabbatar akwai ruwa da sabulu da murfi. Ga sarakuna da masu gari: in mutum biyu ko uku suka kwanta bayan sun ci daga tukunya guda, a sanar da likita a ranar, kada a jira na huɗu. Ga ma'aikatan lafiya: kada SRO da zinc su yanke a ƙananan ɗakunan magani na ƙauye, musamman kafin faɗuwar damina. Ga malaman yaƙi da jahilci: a kawo kwalayen magani cikin aji, a koya wa ɗalibai gane kalmomin siméticone da lopéramide da ranar lalacewa, domin mai karatu guda yana iya tsare gida goma.

Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar Lahadi mai zuwa, in kun shigo Filinge, ku biya ta farmasi ku sayi ledar SRO biyu ko uku da zinc, ku ajiye su inda zafi da danshi ba sa kai, ku nemi kwalba mai cin litir 1 ku keɓe ta. Daren da ciki ya ɗauki ƙugi, da ita za a fara.